Dogon Burodi da Keken da Ba Shi da Kati

Zuwa ga Mai Girma Ƙaramin Jakadan Ƙasarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Hamadu mai burodi, mutumin Garwa ta can ƙasarmu, mazaunin Sabon Layi a Mubi tun kafin rikici. Dogon burodin nan namu na gida nake gasawa, in raba wa masu shayi a keke, tunda an hana babur. Ga kukana:

1. Bayan mun dawo daga gudun hijira, 'yan sanda suka tare ni a wani shinge kan hanyar Duvu. Da suka hango dogayen abubuwa sun leƙo daga buhun da ke bayan keke, sai kowa ya faɗa kwalbati, daga can aka ce in ɗaga hannu. A nan ban ga laifinsu ba.

2. Sajan ya fito, ya karya guda, ya sunsuna, ya ce sai an zurfafa bincike. Aka ɗora shayi. Ina tsugune a rana aka binciki buhun nan har gindi, ba a samu harsashi ba.

3. Na miƙa katin da ofishinku ya ba ni, wanda aka ce mai riƙe da shi yana ƙarƙashin kariyarku. Ranka ya daɗe, katin akwai ƙwari, don da shi Sajan ya shafa bota. Ya goge a wando ya mayar mini, ya ce katin ya yi aikinsa, shi ya sa zan kwana a gida, amma keke ba shi da kati.

4. Tun ranar wani Kofur na shingen ke hawan kekena. A ka nake ɗaukar burodi, kafin in isa masu shayi sun sayi na wani. Tanderuna ya fara wuni ba wuta, alhali daga cikinsa iyalina suke ci, abin yana ci mini rai. Shekaranjiya Kofur ya zo har gida, a kan keken, yana tambayar ko lafiya na daina bi ta shingensu, wai bakinsu ya saba.

Ina roƙon a karɓo mini kekena. In ya gagara, a sanar da Kofur cewa burkin baya ba ya ci, kada ya bi gangaren Duvu da gudu. Ba shi nake ji ba, keken nake ji.

Allah ya ƙara girma, ya raba ku da shinge da safe kafin a karya kumallo. Wassalam.

Hamadu mai burodi,
Sabon Layi, Mubi.