Adireshin Kakar Marquel

Litinin, 8 ga Oktoba

Kujerar Kendrell ba kowa. Na hana yara su matsar da ita. Ranar Asabar da la'asar aka harbe shi a bakin shagon wanki, yana rungume da kwandon kayan mamarsa. Shekara goma sha bakwai. Yaron da na yi shekara uku ina koya wa muhawara, har ya kai ni kaina ba na iya kayar da shi. Duk wannan ɓangaren na Baltimore ya san Marquel ne ya yi. Amma wai ba wanda ya gani.

Marquel ma ɗalibina ne. Ni na zauna da shi har ya daina bin layi da yatsa in yana karatu. Da na sani da na bar shi da jahilcinsa.

Laraba, 10 ga Oktoba

Ɗan sandan da ke bincike ya ce babu shaida, kuma ba su san inda yaron ya shige ba. Ni na sani. Lokacin da aka dakatar da shi daga makaranta, wata biyu na yi ina kai masa darasi gidan kakarsa, can tsallaken gari, gida mai koren ƙofa. Ba wanda ya san gidan a unguwar nan sai ni.

Ban faɗa ba. Su kama shi, su sake shi bayan kwana biyu? Ba abin da nake so ke nan ba.

Asabar, 13 ga Oktoba

Jana'iza. Kowa da farar riga mai hoton Kendrell a ƙirji, an zana masa fikafikai. Ni na ɗauki hoton, ranar da ya ci kofi. Sun yanke kofin don fikafikan su samu wuri.

Wajen cin abinci a ɗakin ƙasa na coci, Javonte yayan Kendrell ya tare ni kusa da tiren makaroni. “Malama, an ce ke kika riƙa kai wa ɗan iskan nan littattafai. Ina ne?” Na ce ya ba ni zuwa Alhamis.

Ban ce a'a ba. Na rubuta shi nan don kada gaba in yi wa kaina ƙarya.

Lahadi, 14 ga Oktoba

Fasto ya yi wa'azi a kan yafiya. Na fita kafin ya gama.

Talata, 16 ga Oktoba

Otis. Tsohon ɗan kurkuku ne, yanzu yana cikin masu riga ruwan lemo da ke shiga tsakani in an yi harbi. Aikinsu su manne wa wanda aka yi wa rashi, su ciyar da shi, su yi ta yawo da shi a mota har zuciya ta sauka. Na ɗauka yana can jikin Javonte. Ina tashi daga aiki na tarar da shi zaune a kan motata da kwali biyu na soyayyar kaza.

Na ce, “Ka ɓata hanya, Otis. Ni malamar makaranta ce.”

“Na sani, 'yar'uwa. Javonte mutum biyu na sa masa. Ke ce tawa.”

Wai a shekara goma sha ɗaya da ya yi a wannan aiki, yaro ne ke riƙe bindiga, amma adireshi kullum daga wajen babba yake fitowa. Goggo, mai aski, dattijuwar coci. “Irinku masu hankali, masu kyakkyawan rubutu.”

Na ce ya sauka mini daga mota tun kafin ya lotsa ta da wannan tumbin. Ya ce kaza dai za ta huce. Na ci. Haushi bai hana ni jin yunwa ba.

Laraba, 17 ga Oktoba

Na rubuta adireshin da jan biron da nake maki da shi. Ina so kakar Marquel ta san yadda ake zaɓar hoton rigar jana'iza.

Javonte ma ajina ya yi. Kujerar bakin taga, kullum da barci, amma in an zo lissafi sai ya farka. Shekararsa ashirin. Mamarsu su biyu kaɗai ta haifa, shi da Kendrell.

Ba zan yi tunanin wannan ba.

Alhamis, 18 ga Oktoba

Javonte ya zo bakin makaranta ƙarfe uku. Takardar ba ta wurina. Tun da safe na miƙa wa Otis. Ya ce zai je ya zauna da tsohuwar, ya ga ko zai iya kai yaron ofishin 'yan sanda da ƙafarsa. Wani lokaci yana yiwuwa, in ji shi, wani lokaci ba ya yiwuwa. Bai yi mini godiya ba, kuma gara da bai yi ba.

Na faɗa wa Javonte gaskiya. Ya ce, “Ashe ke ma bakin kawai gare ki. Kendrell uwa ya ɗauke ki, kin sani?” Wannan ta shige ni, har yanzu ba ta fita ba.

Ban yafe wa Marquel ba, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka haka. Ina so ya yi furfura a kurkuku, in kuma ya aiko mini wasiƙa in mayar masa ban buɗe ba.

Javonte ya zage ni har yara suka leƙo ta taga. Ya shuri tayar motata, ya juya. Na tsaya a wurin da jakata a hannu har ya sha kwana, don kawai in ga wace hanya zai bi. Ta gida ya bi.