Babban Yatsan Ƙafar Yaya

Talata, 6 ga Mayu

Yau aka fara sa Yaya a injin iska. Ni na gano shi a intanet, tun satin da ya faɗo daga tsani wajen gyaran wuta, lakar bayansa ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa shiru. Na dami likita da bidiyoyi har ya ce to a gwada, amma shi bai yi alkawari ba. Wai oksijin zalla ake matsa wa mutum, ko zai rage kumburi ya kare jijiya.

Abin kamar doguwar kwalba a kwance. Ba a shiga da waya, ba mai, ba turare, sai rigar auduga, wai gudun gobara. Yaya ya ce, "Auta, ke da an sa ki nan babu waya, sai dai a fito da gawarki." Har nas ta dara.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na rubuta a guruf ɗin gida cewa injin zai kare jijiyar Yaya. Sai ga Goggo ta kira tana salati, wai don me za mu bari a ƙare masa jijiya! Na ce Goggo kare, kare, marar ƙugiya! Yaya ya yi dariya har haƙarƙarinsa ya amsa. Rabon da in ji wannan dariyar...

Litinin, 12 ga Mayu

Kullum ya fito sai na mintsini babban yatsan ƙafarsa. "Ka ji?" Sai ya ce, "Na ji warin bakinki dai."

Juma'a, 16 ga Mayu

YA MOTSA!!! Wallahi yatsan ya motsa, na ɗauka a bidiyo, na sa a sitatus. Umma ta yi sujada a ƙasan ɗakin. Wayata har zafi take don saƙonni.

Asabar, 17 ga Mayu

Nas ta ja ni baranda. Wai zabura ce kawai, ƙafar ke yin abinta, ba shi ya aike ta ba. Na ce ai na gani a intanet. Ta ce, "Ƙanwata, tambaye shi mana."

Ban tambaya ba. Ban goge sitatus ba, da kansa ya sauka.

Laraba, 28 ga Mayu

Likita ya ce za a tsayar da injin. Na ce ba ku ce yana kare jijiya ba? Ya ce e, ana fata ya kare wadda ta rage. Wadda ta tafi kuwa, iska ba ta kiranta.

Ashe kalmar da na yi wa Goggo gyara a kanta, ni ma ban ji ta daidai ba.

Da na koma na kai hannu ƙafarsa, Yaya ya riƙe ni. Ba wasa a fuskarsa. "Auta, bari. Kullum kika tambaya sai in ji kamar na faɗi jarrabawa. Don ke nake shiga kwalbar nan." Ni da nake cewa don shi nake tura shi.

Banɗakin asibiti ya sha kuka yau.

Lahadi, 1 ga Yuni

Goggo ta turo, "Ya jikin, ya fara takawa?" Na karanta na kife wayar.

Lahadi, 8 ga Yuni

An sallamo mu gida, an kawo keken. Ba zan rubuta sauran sunansa ba. Bai shiga ƙofar ɗakin Yaya ba, kafinta zai zo gobe ya faɗaɗa. Na kalli bidiyon yadda ake juya mutum kada gado ya ci masa baya, na iya, har Umma na koya wa.

Na shafa masa mai a ƙafa, tunda yanzu babu mai hana mu. Na zo kan babban yatsan na wuce, ban mintsine shi ba. Yana kallona.

Ya ce, "Auta, yau ba jarrabawa?"

Na ce malamar ta yi ritaya. Miƙo ɗayar ƙafar. Sai na tuna, na ɗauko ta da kaina.