Hotona a Katangar Asibiti

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Ni dai raina a ɓace yake.

Jiya maƙwabciyarmu mai ɗinki ta ja ni har katangar asibitin unguwa, wai in ga abin da ke da abokanki masu zane kuka yi. Na gani. Ga direba, ga ungozoma, ga ni a tsakiya, tsayina ya kai na mutum biyu, da bokiti da sandar goge ƙasa.

Shekara ashirin da biyu ina fita da kayana masu kyau, sai na shiga ɗakin ajiya nake sa rigar aiki. A layinmu "a asibiti take aiki" kawai ake cewa. Na rufa wa kaina asiri saboda ke, kin zo kin tona shi da fenti. Amfanin karatun ke nan? Ɗa na gari sutura ne ga iyayensa. Ki zo ki shafe hoton nan ranar Asabar, ko in shafe da hannuna.

Mahaifiyarki.

*

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ban nemi izininki ba, wannan laifina ne, ki yafe min.

Amma ba ni na zaɓe ki ba. Gida-gida muka bi muna tambaya, su wa suka riƙe asibitin nan? Mata goma sha ɗaya suka ambace ki. Ɗaya ta ce ranar da haihuwa ta zo mata a baranda, ke kika kare ta da mayafinki, kika wanke wurin kafin mutane su taru. Mama, sun daɗe da sani.

In har yanzu kina so a shafe, zan zo.

'Yarki mai neman albarka.

*

Auta,

Na samu takardarki. Fushina yana nan. Ashe shekara da shekaru suna gaishe ni suna sane, ni kaɗai nake ɓoye-ɓoye.

Yau na koma na duba da kyau. Abokiyar aikina har da riƙe ciki don dariya. Kin zana ni ina goge ƙasa ina tafiya gaba, ina taka inda na wanke. Da baya ake ja. Ko sabuwar ɗauka ba ta wannan shirmen. Ba za a kafa ni a gaban jama'a ina aikin banza ba.

Ki zo Asabar da fentinki. Ki juya ƙafafun, sauran ki bar shi.

Allah ya shirye ki.

Mahaifiyarki.