Ramin da Aka Ce Kada a Tona

Zuwa ga Shugaban kwamitin wayar da kai kan lantarkin nukiliya,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ni tsohuwar malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Anka. Na saurari bayaninka a rediyo, kuma na gane. Ka ce nukiliya tana ba da wuta dare da rana ba hayaƙi, tana rufa wa sola asiri ranar da hadari ya rufe sama, da ita za a yi cajin babura masu batir, a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ban musa ba. Ni ma janaretan maƙwabcina ya ishe ni, kuma ina ganin yadda damina ta rikice mana. Amma da ka ce sharar nukiliyar za a binne ta a rami, a kafa allon gargaɗi, sai da gabana ya faɗi.

Na ɗaya. Mu mun san binne guba. Lokacin da ake niƙa dutsen zinariya cikin gidajenmu, gubar dalma ta kashe mini ɗiya biyu. Daga baya ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar tsakar gidajenmu, suka zuba ta a rami bayan gari, suka kafa allo cewa kada a tona.

Na biyu. Allon nan bai daɗe ba. Wani ya cire shi ya rufe akurkin kaji. Waɗanda suka ga binnewar, wasu sun rasu, wasu rashin tsaro ya kore su Gummi. Masu gini kuwa suka lura ƙasar wurin tana da laushi, ba tsakuwa, ta fi daɗin kwaɓawa. Ranka ya daɗe, mutanenmu ba mugaye ba ne, matona ne. Duk inda suka ga alamar an taɓa haƙa, cewa suke akwai abin da aka ɓoye.

Na uku. Bara ina jinya a Anka, ɗana Sani, wanda shi kaɗai ya rage mini, ya sa aka yaɓe ɗakin matarsa da ƙasar ramin nan. Yana goye lokacin da aka binne ta, ina zai sani? Yanzu ɗiyarsa Balki tana rarrafe a ɗakin. Shekaranjiya na tarar da ita tana lasar bango. Wallahi tun ranar tsoro nake ji.

Mun kasa tsare rami ɗaya har yaro ya girma ya yi aure. Kai kuma da bakinka ka ce taku sharar tana daɗewa fiye da jikokin jikokinmu.

Don haka ina roƙo. Kafin a kafa komai, ku faɗa mana da Hausa da Fillanci wa zai tsare ramin bayan ni da kai mun mutu. Sannan ka isar da kukana ga masu iko, a zo a kewaye namu ramin da katanga, a kankare ɗakin nan, a auna jinin Balki. Na san yadda ciwon yake farawa, na gani sau biyu, kuma ba ni da ƙarfin gani na uku.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka naka ɗiyan cikin lafiya.

Wassalam.

Malama Hassi, kakar Balki