Yaya a Waya, Yaya a Bakin Ƙofa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara.

Da biro na rubuto maka, don in na yi maka saƙo ta waya, hoton zuciya kawai kake turo min. Jiya maƙwabciyarmu ta tare ni da hawaye, wai ta karanta abin da ka rubuta a shafinka kan ciwon Baba. Ta ce, "Kai, Allah ya ba ku wa na gari!" Na duba. Mutum ɗari huɗu sun sa maka albarka. Ni ma sai da na yi kuka.

Amma Yaya, wata biyar ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye, sau uku ka zo. Kullum a bakin ƙofar ɗaki kake tsayawa, makullin mota a hannu, ka ce "Ya jiki?" ka juya. Hoton nan da ka sa, na hannu riƙe da hannun Baba, hannuna ne.

Wanne ne wana a cikin mutum biyun nan?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki. Sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki.

Ban yi ƙarya a rubutun ba, sai dai hoton, wannan kam ki yafe min. Ke kin tashi Baba ya riga ya yi sanyi. Ni kuwa tunda nake ban taɓa zama kusa da shi mun yi hira ba, "to" da "na'am" ne iyakar maganarmu. Yanzu in na ga bakinsa a karkace kina share masa yawu, sai harshena ya ƙage, ƙafata ta ƙi shiga ɗakin. A waya ina rubutawa in goge, in sake, babu idon da ke kallona.

Ki karanta masa abin da na rubuta a shafin, ko zai san abin da ke raina.

A gaida Baba.
Yayanki.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na karanta masa da safe, bayan ya sha magani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce da ƙyar, "Wa ya rubuta?" Na ce kai ne. Sai ya ce, "Babban? Ai shi ba ya sona."

Na rantse masa, ya ƙi yarda, wai ni na haɗa don in kwantar masa da hankali. Likita ya ce maganar tasa raguwa take yi. Ka zo ran Asabar. Ba sai ka ce komai ba, akwai kujera a gefen gado.

Sai na gan ka.
Auta.

*

Yaya,

Sallama. Na ga motarka ta taga ran Asabar. Kusan rabin awa kana ciki, kanka a sunkuye kan waya, sannan ka tayar ka tafi.

Baba ma ya ji tsayuwar motar. Ya sa na jingina shi da matashi, na goge masa baki, na sa masa hula. Har aka kira la'asar bai yarda na cire ba.

Ka huta lafiya.
Auta.