Fitilar Hagu

Chizuru,

Na fita kama jirgin ruwan ƙarfe bakwai, yau likita zai sake duba min gwiwa. Kina barci, ban so in tashe ki ba.

Jiya na lura motarki ido ɗaya take gani, ga hanyar dutsen nan da kike bi zuwa aiki. Na sayo ƙwan fitila wajen Okabe mai sayar da kayan mota, har ya tsokane ni, wai "Tsoho, kai da ba ka ganin rubutun allo, kai za ka gyara wa mota ido?" Na sa ƙwan, ya kama.

Daidaitawar ce ban gamsu da ita ba. Sai da mutum a kujerar direba ake auna hasken a bangon gareji. Da can mahaifiyarki ce ke zama tana cewa, "Ƙasa kaɗan, malam." Buhun shinkafa na ɗora a madadinta don a samu nauyin mutum, ki yi haƙuri, na manta ban sauke ba.

Ki tuƙa a hankali. Ran Lahadi in kina gida, ki zauna min minti biyar mu gyara. Kwana shida ke nan ban ji muryar kowa a gidan nan ba.

Babanki