Hular Buhun Albasa

Asabar, 5 ga Maris 1988, Madawa

Ɗiyata Lalla ta iso daga Yamai da azahar. Na ce wa uwarta Binta ba zan je tasha ba, ina da aiki. Na je. Ta rame, karatun sarrafa kasuwancin nan ya cinye mini yarinya. Ta sauko da kwalaye, ta hana 'yan dako su taɓa. "Baba, a hankali, ordinatar ce." Wai na'urar lissafi ce, kwamfuta. Kwance ta saye ta a wani biro, ofis ke nan, da aka rufe. Na ce mi take ci? Ta ce wuta. Na ce to, ta fi akuya sauƙi.

Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa Uwata nake ce mata, shi ya sa kuma ban taɓa iya yi mata faɗa har ƙarshe ba.

Litinin, 7 ga Maris

An kafa abin a ƙuryar shago, inda nake ajiye buhunan banza. Gilashi ne mai rubutu kore, yana gurnani a hankali. Da na shiga gida Binta ta ja ni gefe. Ashe wani kamfani a Yamai ya ba Lalla aiki, suna jiran amsarta bayan ƙaramar salla. "In ka bar ta ta sa hannu ga sana'arka, ta zamna. In ka maishe ta 'yar kallo, ta tahi." Haka Binta ta ce, ta ci gaba da tankaɗe.

Ba na so ta tafi. A nan dai zan iya rubuta shi.

Alhamis, 10 ga Maris

Lalla ta zaunar da ni tun hantsi tana yi mini tambayoyi kamar jandarma. Kowace kamiyo, babbar motar albasa, da na taɓa aikawa Abijan: wane wata ta tashi, wane irin buhu, nawa ta ruɓe a hanya, yaya kasuwa ta karɓe ta. Ina faɗa tana ƙwanƙwasawa da yatsu. Na tuna har da shekarar fari, da lokacin da gada ta karye muka kwana biyar albasa na tsiro a mota. Gaskiya na ji daɗi. An daɗe ba a tambaye ni wani abu ba in ban da kuɗin cefane.

Lahadi, 13 ga Maris

Zafi. Albasa ta fara fitowa daga fadama, bana ta yi kyau.

Jumma'a, 18 ga Maris

Mun yi faɗa da Lalla. To, rabin faɗa.

Wai ordinatar ta gano mai cin ribarmu, kuma hula ce. Hular buhu! Tun ina yaro a gaban mahaifina na koye ta: a cika buhu har baki, a tula wata albasar a kai, a rufa da ƙyallen wani buhun, a ɗinke da basilla. Mai saye yana neman hula babba, manomi yana neman ƙarama, a nan cinikin yake. Kuma ɗinkina sananne ne, Muntari wakilina na Abijan ya ce tun daga nesa dillalai ke cewa ga kayan Alƙasim.

Lalla ta nuna mini layuka a gilashin. Duk lodin da hularsa ta fi girma shi ya fi ruɓewa. Nauyi yana murƙushe ta ƙasa, 'yan dako kuma ba sa iya sauke buhun sai su yar. Tana so mu koma ƙananan buhu, mu sayi sikeli mu riƙa auna wa manomi da kilo, kuma mu daina tura komai lokacin kaka, mu ajiye rabi a rudu, rumbun albasa, har kasuwa ta yi yunwa.

Na ce akwatin da bai taɓa riƙe albasa ba shi zai koya mini buhu? Ta yi dariya. Da ta ga ni ban yi ba, ta daina.

Laraba, 23 ga Maris

Na je Sabon Gida wurin Hamidu, tsohon manomina. Kamar kullum mun yi ta ja-in-ja a kan hula, ina ƙarawa yana kwashewa, yana rantsuwa ina rantsuwa, matansa na dariya a bayan danga. Wannan wasan shi ne rabin daɗin sana'ata.

Muna shan shayi sai ya ce, "Alhaji, wai ɗiyarka za ta cire muna hula? Allah shi yi mata albarka." Na ce ashe ba ka jin daɗin wasan? Ya ce wasan da daɗi, amma kowace hula ban-ruwan sati guda ne na ɗiyansa.

Na kamo hanyar gida. Labari ma har ya riga ni zuwa ƙauye, aikin Binta ne wannan.

Litinin, 28 ga Maris

Ni da Lalla mun shirya a kan gwaji. Kalla direba zai ɗauki rabi nawa mai hula, rabi nata a ƙananan buhu, an auna a sikelin aro. Nawa ni na ɗinke da hannuna, ban bari kowa ya taɓa ba. Ban taɓa yin ɗinki mai kyau kamar na yau ba. Bayana ya riƙe, ita ce ta shafa mini man zafi tana cewa, "Tsoho mai taurin kai." Na ce gado kika yi.

Asabar, 9 ga Afirilu

Muntari ya bugo, na ɗauka a posta, gidan waya. Nata ya isa lafiya lau, an saye tun kafin a gama saukewa. Nawa sai da aka zazzage ana tsince ruɓaɓɓu. Ya ce ɗinkin dai ya yi kyau.

Na bi doguwar hanya zuwa gida. Lalla ta dubi fuskata sau ɗaya, ta je ta damo mini fura. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da na samu abin yin fushi da shi.

Litinin, 18 ga Afirilu

An ɗauki azumi. Ban sake shiga ƙuryar shago ba tun ranar wayar. Ni da Lalla muna gaisawa, muna maganar zafi da tsadar ƙanƙara. Basilla tana aljihuna, ina ta shafa ta kamar carbi.

Ba asarar ce ke damuna ba. In babu hula, mene ne aikina? In zauna a tabarma ina amsa sannu da hutawa?

Talata, 26 ga Afirilu

Binta ta ce Lalla ta sauko da akwatin tafiyarta daga saman kabad ta goge. Ta faɗa tana kallona. Na ce wataƙila ɓera take nema.

Laraba, 4 ga Mayu

Ordinatar ta mutu da la'asar. Na ji gurnanin ya tsaya, na leƙa. Ɓawon albasa ne iska ta yi ta tura mata ta baya har ya toshe ta. Lalla ta kwance murfin tana hurawa, tana tsincewa da tsinke, hawaye na zuba. Abin ya tashi daga baya, amma hawayen bai tsaya ba.

Ta ce, ba ta ko waiwayo ba, "Baba, duk abin da ke cikinta kai ka hwaɗa mini. Ba hannunka nike son cirewa ba. Ni ban san manomi ko guda ba, wa za shi amince da sikelina in ba kai ka kai shi ba?" Sai ta ce in ba na so ba komai, ba za ta ɓata mini sana'a ba, ta tafi.

Na ce an kusa kiran salla. Na fita. Wani lokaci ni kaina ba na son halina.

Alhamis, 12 ga Mayu

Na je kasuwa sayen igiya. Na tsaya wurin mai sikeli, kallo kawai. Na tambayi farashi, tambaya kawai.

Lahadi, 15 ga Mayu

Na auna ordinatar da taƙi lokacin da Lalla ta tafi kitson salla.

Alhamis, 19 ga Mayu

Salla ta wuce lafiya. Na samu buhu sabo, na wanke, na yanka, na ɗinka wa ordinatar murfi, gilashin da nasa, mai gurnanin da nasa. Don ɓawon albasa ne kawai, ba na son a sake toshewa a yi mini kuka a shago. Tunda basilla na zaune banza.

Da safe Lalla ta shiga ta tarar. Ta daɗe tana bin ɗinkin da yatsa. Ta fito ta ga sabon sikeli a gindin dalbejiya, ta ce na wane ne? Na ce wani ya manta da shi. Ta ce, "Baba, ka yi wa ordinatar hula." Na ce ita kaɗai ta rage mai sawa a gidan nan, ki riƙa cire mata in za ki kunna. Gobe kuma ki shirya da wuri, Sabon Gida za mu, ki ga Hamidu da idonki, ya yi mini dariyar da zai yi.

Ban tambaye ta maganar Yamai ba. Da na wuce ƙofar ɗakinta da yamma na ga akwatin tafiyar ya koma saman kabad.

Binta ta ce idona ya yi ja. Na ce mata albasa nake sayarwa.